Yadda Ake Saye da Farfaɗo da Tsohuwar Amfilifaya, Mataki-mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa ita ce: "Na ga wata tsohuwar amfilifaya mai nauyi a wurin masu kayan gwanjo, Pioneer ko Sansui ko Marantz. In saya? Da gaske ta fi sababbi daɗin murya? In na saya, me zan canza mata?" Amsar a taƙaice: tana iya ba ka sautin da ba ka taɓa ji a falonka ba, amma sai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Na'urar da ta shekara arba'in ko hamsin ba ta nan yadda aka ƙera ta, ko da fitilunta na ci kuma tana fitar da murya. Aikin yana da tsari, kuma yawancin asarar da ake yi daga tsallake mataki take fitowa.

1. Tabbatar amfilifayar ce ke maka cikas

Kafin ka taɓa aljihu, duba sifikokinka. A duk jerin kayan sauti, sifika da yanayin ɗaki su ne ke canza murya fiye da komai. In sifikarka irin ta robar nan ce da ke zuwa tare da rediyo, sai ka fara canza ta; amfilifaya mai tsada irin McIntosh ma ba za ta cece ta ba.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) kawai yake bayarwa, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. A falo matsakaici, wat 40 zuwa 80 na gaskiya a kowane ɓangare sun ishe ka. Na ce na gaskiya ne domin tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni su riƙa rubuta ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ci gaba, ɓangarorin biyu na aiki tare. Shi ya sa wat 70 na Marantz 2270 ke danne "5000W PMPO", lambar talla da ake mannawa a kwalin kayan yau.

Sannan ka san abin da kake saye. Ƙananan amfilifayoyin zamani na ajin D, wato tsarin da ba ya ɓarnar wuta, irin masu ɗauke da ƙwayar lantarki ta TPA3255, suna da araha, ba sa zafi sosai, ba sa shan wuta da yawa, kuma a awo da yawansu sun fi tsofaffin tsabtar sauti. Abin da tsohuwa ta fi su shi ne babbar taransifoma da ke tura sifika mai wuyar sha'ani ba tare da gajiya ba, ƙofar garmaho mai kyau, kayan ciki da mai gyara zai iya cirewa ɗaya-ɗaya, da kuma daraja in ka tashi sayarwa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan kake nema ba, sayi sabuwa ka huta.

2. Zaɓi samfurin da ke gyaruwa

Waɗanda suka fi sauƙin farfaɗowa su ne na shekarun 1970 zuwa farkon 1980 da aka gina da taransistoci ɗai-ɗai: Marantz 2270, Sansui AU-717 mai wat 85, Kenwood KA-7100, Pioneer SX-1250 mai wat 160, Quad 405 ta Ingila mai wat 100, da ƙaramar NAD 3020 wadda wat 20 kacal aka rubuta mata amma take tura sifika fiye da yadda lambar ke nunawa.

Kafin ka yi ciniki, nemi littafin gyaran samfurin a intanet, a shafuka irin su HiFi Engine ko Elektrotanya. In babu littafin, mai gyara zai yi ta lalube ne a duhu, kai kuma kana biya.

Gargaɗi: akwai iri uku da sabon shiga ya kamata ya kauce musu. Na farko, masu wani nau'in taransisto da ake kira V-FET, kamar Sony TA-4650 da TA-5650 da Yamaha B-2. Muryarsu abin a yaba ce, amma an daɗe da daina ƙera taransistocin, in suka ƙone shi ke nan. Na biyu, masu dunƙulallen STK, wato taransistoci da aka haɗe cikin ƙunshi ɗaya, a matakin ƙarshe na ƙara ƙarfin sauti. Asalinsa ya yi ƙaranci, jabu ya cika kasuwa. Na uku, manyan ajin A irin Krell KSA-50 ko Mark Levinson ML-2. Waɗannan suna zuƙar ɗaruruwan wat ko da ba ka sa waƙa ba, suna mayar da shi zafi. Ka auna hakan da watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, da batirin inbatarka.

3. Juya ta ka karanta bayanta

Wannan ne matakin da ya fi kashe amfilifaya a ƙasashenmu. Wutar Najeriya da ta Nijar tsakanin bolt 220 ne zuwa 240. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan kuwa 100. Ka cusa ɗayansu a soket kai-tsaye, in ka yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba ka yi ba taransifoma da manyan kafasitoci, wato gwangwanayen da ke tara wuta, su bi shi.

Wasu suna da maɓallin sauya bolt a baya ko a ciki. Tabbatar yana kan 220 ko 240 da idonka, kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Wadda ba ta da shi sai an haɗa mata taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a bayan na'urar. Ta Japan kuma mai fitar da 100 take so. Yawancin na kasuwa 110 suke fitarwa, wani lokacin har su zarce, na'urar ta yi ta aiki cikin zafi har ta gaji.

Ɗan ƙarin bayani ga mai sayen wadda ke haɗe da rediyo: ta cikin gidan Japan zangon FM ɗinta daga 76 ne zuwa 90, don haka yawancin tashoshinmu ba za ta kama su ba.

4. Gwaji a gaban mai kaya

Ko a Alaba ta Legas kake, ko a Sabon Garin Kano, ko ta intanet ka gani, kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da mita mai auna DC, wato wuta mai tafiya ɓangare ɗaya irin ta batir, da tocila, da sukundireba, da wayar da za ta haɗa wayarka ta hannu da ƙofar AUX, da wata sifika mai araha da ba za ka yi kuka ba in ta ƙone.

Fara da hanci da ido. Sunsuna ramukan iska. Ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Haska tocila ciki ka nemi kafasita mai kumburi ko yoyo, baƙin tabo a fanel (allon da aka dasa kayan ciki a kai), tsatsa, ko alamar ruwa ya taɓa shiga. Ciro fiyus ka duba. In ka ga an naɗe shi da siririyar waya ko takardar sigari, wani abu ne ke ƙona shi aka rufa masa asiri.

Sai awon da ya fi kowane muhimmanci. Ce wa mai kaya, "Alhaji, a ɗan cire sifikar nan in ɗora mata mita tukuna." Mayar da murya sifili, zaɓi AUX, kunna maɓallin sifika na A, bar ta ta yi minti goma. Saita mitarka a DC, zangon milibolt, ka ɗora ja a jan bakin sifika, baƙi a baƙi. Ƙasa da milibolt 50 lafiya. Tsakanin 50 da 100 tana son saiti. Ɗaruruwa kuwa akwai cuta, in ya kai bolt guda ko fiye kada ka kuskura ka haɗa mata sifika, domin wannan wutar ce ke gasa naɗin wayar cikin sifika. Auna hagu, auna dama.

Gargaɗi biyu a nan. Wasu tsofaffi, kamar Quad 303 da Marantz 2230, suna da kafasita a bakin fita, don haka in babu sifika mita za ta iya nuna lambar da za ta tsorata ka alhali lafiyarsu ƙalau. Mai kwalba kuma, wato mai aiki da kwalaben gilashi maimakon taransisto, irin McIntosh MC275, ba a kunna ta babu sifika a haɗe, domin taransifomar fitar da sauti na iya lalacewa.

In awo ya yi kyau, haɗa sifikar gwaji. Yawancinsu za ka ji ƙas ɗin rile, wato maɓallin ciki da ke haɗa sifika da kansa, bayan 'yan daƙiƙu da kunnawa. In samfurin yana da rile amma bai yi ƙarar ba, kariyarsa ce ta hana sauti fita saboda ta ga matsala. Sa waƙar da ka san ta ciki da waje. Murɗa kowane maɓalli. Ƙarar ƙaras-ƙaras lokacin murɗawa datti ne, abu mai sauƙi, kuma hujjar neman ragi ce. Abin gudu shi ne gurnani mai ɗorewa da ba ya bin maɓallin murya, ko tartsatsi da ke zuwa da kansa bayan ta ɗumama, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai. Bar ta ta yi aƙalla rabin sa'a. Mai kayan da ke gaggauta ka a wannan gaɓa ya san abin da ya sani.

5. Yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Kuɗin saye rabin labari ne. Rubuta waɗannan a takarda kafin ka taya: taransifomar rage wuta in ana bukata, stabilaiza, kayan canji, ladan mai gyara, da kuɗin mota. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne, domin SX-1250 ta kai kilo 29, babbar yayarta SX-1980 kuma kilo 35.

Ƙananan kafasitoci na asali ba sa kai dala guda kowane ɗaya a wuraren da aka amince da su irin Mouser da DigiKey, amma gommai ake bukata, manyan kuma su ne masu tsada, ga kuɗin aikowa. Shawarata: ware kusan rabin kuɗin sayen domin gyara. In jimillar ta zarce farashin wadda aka riga aka gyara, ko ta sabuwa mai irin ƙarfinta, bar ta a inda ka gan ta. Wadda taransifomarta ta ƙone kuwa, sai dai a saye ta don a ciri kaya.

6. Kunnawar farko ta bi ta kwan fitila

Duk amfilifayar da ta daɗe a ajiye, ko aka taɓa cikinta, ba a cusa ta a bango kai-tsaye. Sa mai gyaran wuta ya haɗa maka soket da mazaunin kwan fitila a jere a kan wayar wuta, yadda duk wutar da za ta shiga na'urar sai ta ratsa kwan. Kwai mai zare ake so, tsohon yayi, wat 60 zuwa 100. Na LED ko mai tattalin wuta ba ya wannan aikin.

Cire sifika, kunna, zuba wa kwan ido. In ya haska da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya dushe ya koma ja-ja, kafasitoci ne suka cika, komai daidai. In ya tsaya da haskensa, akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, kashe nan take. Kwan ya shanye wutar da da taransistocinka za ta ƙona. In akwai taransifomar rage wuta, kwan yana zama tsakaninta da bango. Masu ajin A ba sa barin kwan ya dushe saboda yawan jan wutarsu, waɗannan aikin ƙwararre ne.

7. Shara da wanke maɓallai

Cire filogi. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe, a manyan na'urori tsakanin ɓangarorinsu biyu ya kan haura bolt 100, a masu kwalba kuma 400 zuwa sama. A sauke wutar ta cikin rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai wat 5, a tabbatar da mita. Kada a gama bakinsu da sukundireba. In ba ka taɓa wannan aikin ba, daga nan zuwa mataki na tara na mai gyara ne, kai naka sa ido.

Kaɗe ƙura da burushi mai laushi da bulowa. Fesa man wanke mahaɗar lantarki, irin DeoxIT, kaɗan a cikin kowane maɓalli ta ramin bayansa, ka murɗa shi sau talatin ko fiye. Kada ka manta da maɓallin TAPE MONITOR da na zaɓen sifika. Sau da yawa ɓangaren da ake cewa ya mutu, dattin waɗannan ne kawai. Rilen sifika ma bakinsa na yin baƙi, a goge ko a canza.

Gargaɗi: ban da fetur, ban da kananzir, ban da WD-40 na sassauta ƙusa. Kuma kada a goge bayan gilashin lambobin rediyo da ruwa ko sinadari, rubutun na bin tsumma ya tafi.

Bayan wannan matakin, sake saurare. Za ka yi mamakin yawan abin da ya dawo ba tare da an narka dalma ko ɗigo ba.

8. Canza abin da shekaru suka cinye

Kafasita mai ruwa a ciki tana bushewa da shekaru, zafi kuma na hanzarta hakan. Alamarta gurnani, bes mai laushi marar ƙarfi, da rile mai jinkiri. A fara da fanel ɗin rarraba wuta da na kariya, domin su ne suka fi shan zafi, sannan na ƙarfin sauti, sannan na gaba. Ƙa'idar zaɓe: adadin maikrofarad, wato girman kafasitar da ke rubuce a jikinta, ya zama daidai da na tsohuwar, bolt daidai ko sama, mai jure digiri 105. Nichicon, Panasonic da Nippon Chemi-Con duk sun isa. Manyan kuma a auna su tukuna. Wasu suna nan da ƙarfinsu.

Akwai ƙananan taransistoci da aka san su da tartsatsi in sun tsufa, musamman 2SC458 da 2SA726. Masu gyara kan maye su da KSC1845 da KSA992. A duba jerin ƙafafu da mita kafin a dasa, domin fuskar tsohon da ta sabon ba lallai su kalli wuri ɗaya ba.

In Sansui AU-517 ko AU-717 ce a hannunka, nemi gam ɗin da kamfani ya manne kafasitoci da shi. Da shekaru yana komawa ruwan ƙasa mai duhu, yana cin ƙafafun duk abin da ya taɓa har su yi kore su karye. A kankare shi tas, a canza abin da ya ci.

Ga sharuɗɗan da za ka gindaya wa mai gyara, cikin mutunci amma a fili: "Malam, fanel ɗaya-ɗaya za a yi, a ɗauki hoto kafin a cire komai, a gwada da kwan fitila bayan kowane fanel, kuma a tara mini tsofaffin kayan a leda." Wanda ya cire kafasita sittin a zama ɗaya, ya juya ɗaya baibai, sai ya kwana uku yana nemanta, in ma ba ta fashe ba.

Kuskure mafi muni shi ne wanda ya zama ruwan dare: ɓangare ɗaya ya ƙone, sai a fidda fanel ɗin asali a dasa wani ɗan fanel na kasuwa a ce an gyara. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Akwatin Marantz ne, muryar kuwa ta wani ce, darajar ma ta tafi. Haka kuma a yi hattara da manyan taransistocin jabu. Suna aiki a ƙaramar murya, ranar da ka ɗaga su tafi da sifika.

9. Saita bayas da DC

Kusan kowace tana da 'yan ƙananan rizistoci masu murɗawa a fanel ɗin ƙarfi: ɗaya na daidaita wutar da taransistocin ƙarshe ke ja lokacin hutu, wato bayas, ɗaya na mayar da DC ɗin bakin sifika kusa da sifili. Littafin gyara ne ke faɗin inda za a auna da lambar da ake nema, kuma ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Bayas ya yi ƙasa, murya ta yi kaushi a ƙaramin sauti. Ya yi yawa, na'ura ta yi ta zafi har ta halaka kanta.

Ana wannan saitin ne da cikakkiyar wuta, an cire kwan fitila, babu sifika, murya a sifili, bayan ta ɗumama. A maƙala wayoyin mita masu baki tun na'urar na kashe. Tsinin mita ya zame sau ɗaya tsakanin ƙafafu biyu, aikin mako ya tashi a banza. A murɗa a hankali, a jira, a sake aunawa bayan rabin sa'a. In an ɗaga manyan taransistoci daga jikin ƙarfen shan zafi, a sa sabon farin man zafi da sabon ɗan falle mai raba su da ƙarfen.

10. Ƙarin da ya cancanci kuɗinka

Sai yanzu maganar ingantawa ta zo, kuma jerin gajere ne. Ƙaramar na'urar karɓar Bluetooth, ko mai jawo waƙa ta intanet irin WiiM, ko DAC na waje, mai mayar da waƙar dijital zuwa sautin da amfilifaya ke karɓa, a haɗa ta ƙofar AUX ko TAPE, sai tsohuwa ta shiga zamani ba tare da an huda jikinta ba. Kada a haɗa ta ƙofar PHONO. Wannan ta garmaho ce kaɗai, tana ƙara ƙarfin sauti ninki-ninki kuma tana lanƙwasa shi, waya ta shiga nan sai karaɗi. Bakin sifika mai ɗan tsinin bazara da ya karye ana iya maye shi da mai ɗauri. Ƙwayayen fitilar gaba a sa LED masu launin ɗumi, suna rage zafi.

Abin da ban ga amfaninsa ba: fiyus mai ruwan zinare, wayar wuta mai tsadar tsiya, da ninka girman manyan kafasitoci, wanda ke ɗora wa maɓallin kunnawa da dayod nauyin da ba a tsara su da shi ba. Wayar sifika ta jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 ta isa kowane falo. A dai lura, da yawa a kasuwa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kuma sani cewa masu sayen tsofaffin kaya sun fi biyan wadda aka gyara bisa tsarin kamfani fiye da wadda aka yi wa kwaskwarima, don haka adana ledar tsofaffin kayan da hotunan aikin.

11. Zama da ita

Duba om ɗin sifikokinka, wato ma'aunin turjiyarsu ga wuta. Biyu masu om 8 a kan A da B, a yawancin samfura sun zama om 4 ke nan in aka kunna su tare. Biyu masu om 4 sun zama 2, wanda galibin tsofaffi ba sa ɗauka. Ba kuma na'urar ɗakin taro ko gidan biki ba ce. In ka ji murya ta fara fashewa, rage, domin ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririyar murya ce ke fara ƙonewa.

Bar mata tazarar tafin hannu a sama da gefe, kada a ɗora mata dikoda ko kyalle tana aiki. Lokacin hunturu a rufe ta in ta huce, a kaɗe cikinta ko sau ɗaya a shekara. Wuta ta bi ta stabilaiza mai jinkirin sakin wuta. In an ɗauke wuta kashe ta, kada dawowar ta same ta a kunne, haka ma lokacin sauyawa zuwa janareta, sai injin ya daidaita. Inbata mai tsabtatacciyar wuta, wato pure sine wave, kaɗai za a ba ta. Ɗaya nau'in inbatar yana sa taransifoma kuka da zafi. Amfilifaya ce ta ƙarshen kunnawa kuma ta farkon kashewa. Bayan wata guda da gama gyara, sake ɗora mita a bakin sifika kamar yadda aka yi a mataki na huɗu, ka rubuta lambar hagu da ta dama da kwanan wata a takarda ka manna a ƙarƙashinta, domin awo na gaba ya sami abin kwatantawa.